Tarihin Naɗar Sautin Goge: Daga Garmaho Zuwa Na'urorin Zamani

Goge yana cikin tsofaffin kayan kiɗan da Hausawa suka gada, kuma a cikinsu shi ne ɗan'uwa mafi kusa ga bayolin, wato gogen Turawa, domin dukkansu biyu ana fitar da sautinsu ne ta hanyar goga gashin wutsiyar doki a kan tsirkiya. Amma duk da wannan zumunta, rabon da kowannensu ya samu daga na'urorin ɗaukar sauti ya sha bamban ƙwarai. A Turai da Amurka an shafe fiye da shekara ɗari ana gyara na'ura domin ta iya kama muryar bayolin yadda take, har aka kai ga faifan da masu kunnen kiɗa ke kira mai cikakken tsabta, alhali a ƙasar Hausa da garuruwan da ke gefenta, irin su Awe da ke Jihar Nasarawa, goge ya yi ta shiga kowace na'ura da ta samu, mai kyau ko marar kyau, ba tare da an tanadi asalin abin da aka ɗauka ba. Tarihin wannan bambanci ya haɗa fasaha da kasuwa, ya kuma haɗa da irin kallon da al'umma take yi wa mai goge.

Ana yin goge da rabin ƙwarya wadda ake rufe bakinta da fatar guza ko ta damo, a soka sanda ta ratsa ta, sannan a ɗaura tsirkiya guda ɗaya da aka haɗa da silin tsagiya masu yawa, a ɗora ta a kan ɗan itacen da makaɗa ke kira jaki. Abin gogawar kuwa ɗan baka ne da aka ɗaure shi ma da gashin doki, ana shafa masa ƙaro domin ya riƙa kama tsirkiya maimakon ya zame. Kukuma ƙanwar goge ce, jikinta ƙarami, muryarta siririya. Makaɗin ba ya danne tsirkiya har ta taɓa sanda kamar yadda mai bayolin ke yi. Yana taɓa ta ne da cikin yatsunsa daga gefe, kuma wannan ne ke ba shi damar jan murya daga wani mataki zuwa wani ba tare da yankewa ba, har gogen ya kwaikwayi hawa da saukar maganar Hausa, ta yadda wanda ya san take zai ji kirarin da ake yi ko da mawaƙi bai buɗe baki ba. Irin wannan abin kiɗa ya bazu a faɗin yankin: Fulani suna da nyanyeru, Zabarmawa suna da goje, Dagwambawan Gana suna da nasu, matan Abzinawa kuma suna kaɗa imzad, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da ake karewa a shekarar 2013.

Abin da ya sa kayan kiɗan da ake gogawa suke wahalar ɗauka yana cikin yanayin sautinsu. Kowane sauti girgiza ce ta iska, ana kuwa auna ta da yawan kaɗawar da take yi a cikin daƙiƙa guda, kuma kunnen matashi lafiyayye yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000. Idan aka goga tsirkiya, ba murya ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar murya, akwai kuma 'ya'yanta da ke hawa bisa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har su kai can sama inda kunne ke jin su kamar sheƙi. A cikin waɗannan 'ya'yan murya ne kamannin abin kiɗa yake zaune, su ne ke bambanta goge da sarewa ko da sun tsaya a kan mataki ɗaya. Goge ya ƙara da wani abu, domin tsirkiyarsa ba sili ɗaya ba ce kamar ta bayolin, tarin gashi ne da ke gogar wani tarin gashi, saboda haka muryarsa tana tafe da wani kaushi da huci waɗanda masu sauraro ke ɗauka wani ɓangare ne na daɗinsa. Na'urar da ta kasa kama saman sauti tana yanke wannan huci, ta bar wa mai sauraro wani siririn kuka marar jiki.

Matsayin goge a cikin al'umma shi ne tushen rabonsa. Tun kafin jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga shekarar 1804, goge da garaya su ne kayan kiɗan bori, inda kowane iska yake da takensa, kamar Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna da Kuturu da Malam Alhaji, kuma aikin makaɗi ne ya san waɗannan take ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗa su bisa tsari har wanda ake kira ya hau dokinsa. Malaman jihadi sun yi kakkausar suka ga bori da kayan kiɗansa, saboda haka a masarautun da ke ƙarƙashin Sakkwato goge bai samu gurbi a fada ba kamar yadda tambari da kakaki da algaita suka samu, ya koma gidajen magajiya da dandalin samari da ƙauyukan Maguzawa. A Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da na Gobir da suka ƙi miƙa wuya suka kafa sababbin birane, bori ya ci gaba da zama kusa da sarauta, goge kuma ya riƙe darajarsa. A fadar Yendi ta ƙasar Dagwamba ma masu goge makaɗan sarki ne da ke riƙe da tarihin gidan sarauta. Wannan ya nuna cewa ƙasƙancin da aka liƙa wa goge a birnin Kano ko Zariya hukuncin tarihi ne, wanda ya ci gaba da aiki har lokacin da na'urori suka iso, ya hana masu hali da masu mulki ganin dalilin kashe kuɗi a kan adana shi.

Garin Awe yana kudu da waɗancan birane, a kwarin Binuwai, kuma sunansa ya shahara ne saboda gishirin da mata ke dafawa daga ƙasa da ruwan gishirin da ke fadamunsa, kamar yadda ake yi a Keana da Azara. Yanki ne da ke da tsohuwar alaƙa da Jukunawa, amma gishiri ya jawo fataken Hausawa suka yi ta zuwa, wasunsu suka zauna, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na mu'amala tsakanin Jukun da Alago da Tibi da Fulani da sauran maƙwabta. Lafiya, wadda Barebari suka kafa kuma ta shiga ƙarƙashin Bauchi a ƙarni na 19, ita ce babbar ƙofar da ta haɗa yankin da arewa, ita ce kuma ta zama babban birnin jiha lokacin da aka cire Nasarawa daga Filato a ranar 1 ga Oktoban 1996. Duk inda Hausawa suka kafa zango, daga nan har Kumasi da Salaga, makaɗa da maroƙa sukan biyo sawu, domin inda ake ciniki nan ake biki, inda ake biki kuwa nan makaɗi ke samun abinci. Sai dai idan aka dubi taswirar wuraren da masu bincike da kamfanonin faifai suka kafa na'urorinsu, za a ga sun taru ne a Kano da Zariya da Kaduna da Jos da Maraɗi da Yamai. Garuruwan kudancin iyaka sun shiga wannan tarihi ne a matsayin masu sauraro da masu sayen kaset.

A ɗaya ɓangaren, wato Turai da Amurka, Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita a shekarar 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai faifai shimfiɗaɗɗe a 1887. A wancan zamani babu makirfo. Makaɗi yana tsayawa ne a bakin wani babban mazurari, ƙarfin sautinsa shi ke tura allura ta yi zane a jikin kakin zuma, kuma abin da na'urar ke iya kamawa bai wuce daga kaɗawa kusan 250 zuwa 2,500 ba. Bayolin ya sha wuya a wannan hali saboda muryarsa ba ta da ƙarfin ƙaho, har wani injiniya mai suna Augustus Stroh ya yi rajistar wani sabon bayolin a 1899, wanda aka cire masa akwatin katako aka maye gurbinsa da ƙahon ƙarfe domin ya cusa sauti kai-tsaye cikin mazurari. Duk da wannan rauni, kamfanoni sun gane cewa akwai tsofaffin gwanaye da ke gab da barin duniya, suka hanzarta kai musu na'ura. Joseph Joachim, aminin mawallafin kiɗa Brahms, an ɗauki kiɗansa a 1903 yana da shekara fiye da saba'in, Pablo de Sarasate ɗan ƙasar Sifaniya kuma a 1904. Faifan nasu cike yake da ƙara da shasshaka, amma ta dalilinsa ne ɗaliban bayolin na yau suke jin yadda ake jan baka a ƙarni na 19.

Daga shekarar 1925 aka koma ɗauka da makirfo da lantarki, faɗin abin da ake kamawa ya ƙaru sosai, bayolin na ainihi ya dawo ɗakin ɗauka. A 1932 Yehudi Menuhin, yana ɗan shekara 16, ya kaɗa babban aikin bayolin na Edward Elgar a ɗakin ɗauka na Abbey Road da ke Landan, mawallafin da kansa yana jagorantar ƙungiyar makaɗa. Kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar fiye da minti ashirin, a daidai lokacin da tef mai maganaɗisu ya zama abin da ake fara ɗauka a kansa kafin a buga faifai. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin RCA ya ɗauki Jascha Heifetz da tsarin sitiriyo, wato raba sauti gida biyu, dama da hagu, domin mai sauraro ya ji inda kowane makaɗi yake zaune. Abu mafi muhimmanci a nan ba gwanintar na'ura ba ne. Kamfanin ya ajiye uwar tef ɗin a ma'ajiyarsa, da lamba da kwanan wata da sunayen makaɗa, shi ya sa bayan kusan shekara hamsin aka iya ɗauko ta aka sake juyar da ita zuwa faifan zamani mai cikakken tsabta.

Haɗuwar kiɗan Hausa da na'ura ta faro ne ta hannun baƙi. Jami'in mulkin mallaka A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a lokacin tana cikin Lardin Nasarawa, ya bi sawun bori har zuwa unguwannin Hausawa na Tunis da Turabulus, ya wallafa littafi a kansa a 1914, amma abin da ya bari rubutu ne da hotuna, kuma rubutu ba ya kaɗa goge. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, domin sayarwa a garuruwan bakin teku. Faifan garmaho na wancan lokaci, mai juyi 78 a minti, bai ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska, wannan kuwa ma'auni ne da bai dace da goge ba ko kaɗan, domin mai goge yana buƙatar lokaci kafin hannunsa ya yi zafi, wasan bori kuma yakan kai tsakar dare ana bin take bayan take. Abin da ya shiga faifai guntu ne da aka yanko domin ya dace da girman faifan.

Ɗauka mafi inganci da aka yi wa kiɗan gargajiyar Hausa a ƙarni na 20 ta zo ne bayan da aka samu rikoda mai tef wadda mutum ɗaya zai iya ratayawa, irin Nagra da Stefan Kudelski ya ƙera a Suwizalan a farkon shekarun 1950. David Ames ya yi aiki a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, abin da ya ɗauka ya fito a faifai biyu cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi, sannan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Kamfanin Ocora na gidan rediyon Faransa ya fitar da abin da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauko daga Nijar a shekarun 1960. Fremont Besmer ya zauna da makaɗan bori a Kano ya wallafa littafinsa a 1983, Veit Erlmann ya yi irin wannan nazari a Maraɗi, Jacqueline DjeDje kuma ta fitar da babban littafi a 2008 wanda ya kwatanta gogen Fulani da na Hausawa da na Dagwamba. Aikinsu ya cancanci yabo, amma an yi shi ne domin jami'o'i da ɗakunan karatun ƙasashensu, kuma mafi yawan iyalan makaɗan da aka ɗauka ba su da hanyar sayen faifan da aka buga a Jamus ko Faransa.

Wanda ya kai goge da kukuma kunnen talaka shi ne rediyo. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, kuma ta gajeren zango a kan mita 49 muryarsa ta riƙa isa ko'ina, daga bakin hamada har kwarin Binuwai, inda mai shago a Awe ko mai kamun kifi a Tunga zai kunna akwatinsa ya ji abin da mutumin Katsina ke ji a lokaci guda. A wannan zamani ne aka samu taurari irin su Garba Liyo da Audu Yaron Goge a fagen goge, da Ibrahim Na Habu da Ali Makaho waɗanda suka ɗaukaka kukuma, sai Ahmadu Doka da Garba Supa da Hassan Wayam da suka biyo baya. Waɗannan makaɗa sun fitar da abin kiɗan daga zauren bori suka kai shi gidajen rawa da bukukuwan aure da filin siyasa, suka yi waƙoƙin soyayya da na gargaɗi da na yabon masu kyauta, suna haɗa shi da ƙwarya da kalangu da 'yan amshi. Amma rediyon gajeren zango da matsakaicin zango ba ya wuce da abin da ya haura kaɗawa kusan 5,000, ga shi kuma yana tafe da ƙugi da shuuu na iska, saboda haka tsara guda ta Hausawa ta so kukuma ne ta cikin wata ƙaramar kafa wadda ta tace mafi yawan sheƙinta. Tsufan Ahmadu Doka, wanda ya ajiye kukuma ya tuba daga kiɗa, ya nuna cewa tsohon hukuncin nan bai gushe ba ko a kan waɗanda suka fi kowa shahara.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya mamaye kasuwannin arewa daga shekarun 1970. Alherinsa a bayyane yake: yana da araha, yana ɗaukar awa guda ko awa ɗaya da rabi, yana aiki da batir, kuma kowa yana iya ɗauka da shi, ta yadda mai biki zai ajiye rikodarsa a gaban makaɗi ya tafi da wasan dare sukutum. Ta wannan hanya aka adana ɗimbin wasannin da babu kamfanin da zai kula su. Illarsa kuwa ita ce kwafi daga kwafi. Mai shagon kaset a tasha yana juyar da waƙa daga kaset ɗin da shi ma juyowa aka yi, kowane juyi yana ƙara shuuu yana rage saman sauti, idan batir ya yi sanyi gudun tef ya ragu murya ta sauka, idan injin ya yi sauri ta hau. Kalangu da ganga suna iya jure wannan, amma abin kiɗan da ke jan doguwar murya shi ne farkon wanda ke tona asirin injin da gudunsa ke rawa. Yawancin abin da ake saurare a yau na Garba Supa ko Ali Makaho jika ne ko tattaɓa-kunnen wani kaset da babu wanda ya rubuta ranar ɗaukarsa.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ya sauya tushen al'amarin, domin ya daina zana sauti ya koma ƙidaya shi. Na'ura tana auna girgizar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da lamba mai gurbi 16, wadda ke ba da matakai 65,536. Ƙa'idar lissafi ta nuna cewa yawan awon dole ya ninka sautin da ake son kamawa sau biyu, shi ya sa aka zaɓi adadin da ya ɗan haura ninkin iyakar kunnen ɗan'adam. Abin da ake nufi da ɗauka mai cikakken tsabta shi ne wuce wannan ma'auni, a auna sau 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa, da lamba mai gurbi 24, wadda matakanta suka haura miliyan 16. A 1999 kamfanonin nan biyu suka fito da faifan SACD domin masu irin wannan buƙata, kuma kiɗan bayolin yana cikin abin da masu sayen manyan lasifikoki suka fi gwada kayansu da shi, musamman ayyukan da Bach ya rubuta wa bayolin shi kaɗai a 1720, inda babu wani abin kiɗa da zai rufe numfashin makaɗi ko ƙarar ƙaro a kan tsirkiya ko amsa-kuwwar ɗaki.

Masana ba su haɗu a kan cewa kunne yana iya rarrabe irin wannan faifai da CD mai kyau ba, kuma akwai gaskiya a zargin da ake yi cewa wani ɓangare na kasuwar talla ce kawai. Amma a wajen masu adana tarihi maganar a warware take. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta ma'ajiyoyin sauti, IASA, ta ba da shawarar kada a juyar da tsohon tef da abin da ya gaza awo 48,000 da gurbi 24, ta kuma fifita 96,000, saboda tsohon tef sau da yawa juyi ɗaya zai jure, kuma abin da aka bari a wannan juyi ya tafi ke nan. Ga mai ɗaukar wasa kai-tsaye ma gurbi 24 yana da amfani na zahiri, domin yana ba shi sarari ya kama siririyar muryar kukuma da bugun ƙwarya mai ƙarfi a tare ba tare da ɗayan ya nutse ko ɗayan ya fashe ba.

Abin baƙin ciki shi ne, a daidai lokacin da duniya ta kai wannan matsayi, kiɗan goge ya gangara ta ɗaya hanyar. Tsarin MP3 yana matse waƙa ta hanyar zubar da abin da lissafi ya ɗauka kunne ba zai lura da shi ba, har awa guda ta kiɗa da ke cin kimanin megabayit 635 a CD ta koma ƙasa da 60, alhali a ma'auni mai cikakken tsabta takan kai gigabayit biyu. Masu tura waƙoƙi a kasuwannin waya sun kwashe tsofaffin kaset sun zuba a katin waya, wanda hakan ya ceci waƙoƙi da yawa daga ɓacewa, amma kowace turawa ta WhatsApp ko ɗorawa a YouTube tana iya sake matse abin da tun farko a raunane yake, huci da kaushin goge kuwa suna cikin abin da irin wannan lissafi ya fi lalatawa. A gefe guda, tun bayan da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, kiɗan fiyano ya karɓe bukukuwa, mai situdiyo yana danna maɓalli ya fitar da muryar da ta yi kama da goge ba tare da ya kira mai goge ba. Ƙaddamar da shari'a a jihohin arewa daga 1999 ta ƙara rufe wuraren da makaɗan ke samun na abinci, 'ya'yansu da yawa kuma suka kama wasu sana'o'i.

Malaman jami'a sun yi ƙoƙari matuƙa wajen adana waƙar baka, kuma aikin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero a kan tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu ya zama madogara ga duk mai nazari. Sai dai nazarin Hausa ya tashi ne a sassan harshe da adabi, saboda haka ya fi karkata ga kalmomin waƙa, hannun makaɗi kuwa, da yadda yake karya murya da yadda yake amsa wa mawaƙi, ba abu ne da takarda ke riƙewa ba. Tef ɗin da ke ɗakunan ajiyar gidajen rediyo shi ma yana da ajali: zafi yana busar da shi, ƙurar hunturu tana goge shi, laimar damina, wadda ta fi tsanani a kwarin Binuwai, tana sa masa fumfuna ta manne shi, injinan da ke karanta manyan tef kuma an daina ƙera mafi yawansu.

Abin da ya sauƙaƙa a yau shi ne na'ura. Rikodar hannu da ke ɗauka a ma'aunin 96,000 da gurbi 24 ta zama abin da sashen jami'a ko gidan rediyon jiha zai iya saya ba tare da neman tallafin waje ba, kuma abin da ya rage shi ne sanin aiki: makirfo biyu masu kyau, wuri mai nisa da janareto, barin makaɗi ya yi wasansa cikakke ba tare da yanke shi ba, rubuta sunansa da na ubangidan da ya koya masa da sunan kowane take da ranar ɗauka, biyansa haƙƙinsa tare da ba iyalansa kwafi, da ajiye asalin ɗaukar a wurare fiye da ɗaya ba tare da matse ta ba. Jihar Nasarawa tana da Jami'ar Tarayya a Lafiya da jami'ar jiha a Keffi da gidan rediyonta, tana kuma da sarakuna waɗanda kalmarsu ɗaya ta isa ta sa tsohon makaɗi ya fito da gogensa ba tare da jin kunya ba. Wanda yake ganin bori ɓata ne yana da hujjarsa ta addini, amma adana take ba bautar iska ba ce, kamar yadda malaman da suka rubuta tarihin sarakunan Haɓe ba su zama mabiyansu ba. Ya kamata waɗannan hukumomi su fara da tattara kaset ɗin da ke hannun tsofaffin masu shaguna da iyalai a Awe da Azara da Keana da Lafiya, su juyar da su bisa ma'aunin da ya dace, sannan su nemi masu goge da kukuma da suka rage a yankin su ɗauke su tun hannuwansu suna iya jan baka.